Lomar Kunya

Ni na fara gani. Kafin likita, kafin injin nan da ake ɗiga wa jini, kafin shi kansa mai jikin ya san da zaman abin, ni Surajo na gani daga kan bencina, a ƙofar gidan Hajiya Lantana da ke Nyanya, inda nake kasa goro da asuwaki. Ban taɓa zama a aji ba, ko sunana aka rubuta aka ajiye a gabana ba zan gane shi ba. Amma shekarata ashirin da uku ina kwana ina tashi da ciwon suga. Ya ci min yatsun ƙafa uku, ya gaji ya ƙyale ni. Waɗanda suka yi min dariya ranar da na fara shan shayi lami, da hannuna na zuba wa yawancinsu ƙasa.

Ranar da Tawfiq mai gyaran waya ya durƙusa ya gaishe ni, na ga bayan wuyansa ya yi baƙi ya yi kauri kamar gindin tukunya. Na ce masa wannan ba dauɗa ba ce, sabulu ba zai fitar da ita ba, ya je a auna jininsa. Ya yi dariya. Bayan mako biyu ya dawo babu dariyar, ya roƙe ni amana kada kowa ya ji daga bakina. Na riƙe masa.

To, amma labarin ba nawa ba ne. Na Kauthar ne, autar Hajiya Lantana, malamar makarantar firamare, wadda nake kira amaryata tun tana rarrafe. An riga an kawo kayan sa ranarta da Tawfiq, goro da alewa da buhun gishiri da tabarma, an tsayar da biki mako huɗu bayan ƙaramar Sallah. Ubanta Malam Sabo, wanda ni na koya masa tuƙi a hanyar Abaji zuwa Lokoja, shekara biyar ke nan da rasuwarsa. Ciwon suga ne ajalinsa, bayan an yanke masa ƙafa. Ƙanensa da ke Zariya shi ne waliyyi, amma abin da Hajiya ta ce shi yake sa wa albarka.

Ita kuwa Hajiya, duk wanda ya taɓa jiran mota a tashar Nyanya ya san funkasonta da miyar taushenta. Za ka iya zaginta ta yafe. Ka bar mata abinci a kwano kuwa, ka sayi gaba.

Da azumi ya kama, ta yi abin da ake yi wa wanda aka sa wa rana. Kullum da la'asar sakaliya sai mai Keke Napep ya tsaya a ƙofar gida, a ɗora masa kuloli uku zuwa Mararaba: kunun gyaɗa mai kauri, funkaso da zuma, ƙosai, soyayyen dankali, zoɓo mai sanyi. Washegari kulolin su dawo a wanke tas. Hajiya takan buɗe su ta leƙa, ta yi murmushi, ta ce yaron nan ya san daɗi.

Kauthar ce kaɗai murmushin bai kai mata zuci ba. Ta lura rigunansa sun fara yi masa yawa, agogon hannunsa yana zamewa. Da ta tambaya ya ce azumi ne. Amma ita ta san tun kafin a ga wata ramar ta soma.

Ranar sha bakwai ga azumi, da hantsi, sai ga Mashkura, wai ta zo ba da aikin alkakin Sallah. Mashkura tana da shagon atamfa a Mararaba, layi ɗaya da na Tawfiq, kuma ƙanwa ce ga Alhaji Badaruddeen mai sayar da siminti, wanda sau biyu yana aiko manyansa neman Kauthar ana ba su haƙuri.

Ta zauna, ta gyara mayafi, ta ce Allah ya saka wa Hajiya da alheri, ladan ciyar da masallaci guda ba ƙaramin abu ba ne.

Hajiya ta ce wane masallaci.

"Au, ashe ba ki sani ba? Ai funkasonki ya yi suna a masallacin 'yan waya, har layi ake yi. Shi angon namu yana gefe da ɗan wakensa da zogale a roba, ko ɗanɗane ba ya yi."

Ta rage murya, ta ce ita dai ba ta yarda da maganar mutane ba, amma ana ta cewa an ja masa kunne ne, wai gidan masu sayar da abinci ba a rasa ƙulli a gindin murhu, kada a zuba masa abin da za a mallake shi. Ta ƙara da cewa in da yayanta ne, har kular sai ya lashe.

Kauthar tana bakin kicin tana tankaɗe, ta ji komai. Ta zaci Umma za ta tashi da faɗa. Ba ta tashi ba. Ta karɓi aikin alkakin, ta raka baƙuwa har zaure, ta dawo ta daɗe a tsaye kan kuloli ukun nan tana kallon su.

Sannan ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Auta, ki gaya masa yau a nan zai sha ruwa. In ya ci a gabana, shi ke nan, ƙarya ake yi masa. In bai ci ba, gobe kayansu su koma. Shekara talatin ina ciyar da mutane, ba a taɓa kira na mai asiri ba."

Kauthar ba ta kira shi a waya ba. Ta zura hijabi ta fito. Na ce amaryata ina zuwa da ranar nan, ko kishiya aka yi miki. Ko kallona ba ta yi ba, ita da kullum sai ta ce min tsoho mai ran ƙarfe. Nan na san bango ya tsage.

Cunkoson motoci ya riƙe ta kusan awa guda tsakanin Nyanya da Mararaba, tafiyar da ba ta kai ta kawo ba. Tana zaune a bas, gumi yana bin bayanta, tana ta juya abu ɗaya a ranta. In ya yarda uwarta za ta yi masa asiri, to me ya rage tsakaninsu? In kuma ba haka ba ne, mece ce take cin jikinsa?

Ta same shi sunkuye kan wata waya da ya farke. A ƙarƙashin teburin, inda a da kwalaben lemo suke taruwa huɗu biyar kafin la'asar, babu komai sai takalmin gudu mai ƙura. Ya ɗago, ya ga fuskarta, ya ajiye abin da ke hannunsa. Ya miƙo mata kujera a bakin shago, ta ƙi zama.

"Wa yake cin abincin Umma?"

Ya kau da kai.

"Tambayarka nake yi, Tawfiq."

"Azumi ake, Kauthar. Kada ki sa ni yin ƙarya."

"Kwana goma sha bakwai kana yin ta. Ta yau ce za ta karya maka azumi?"

Ta gaya masa abin da Mashkura ta kawo, har zancen ƙulli a gindin murhu. Ya dafe kai ya yi salati, ya rantse bai taɓa jin wannan maganar ba balle ta fito daga bakinsa. Ya ce ya kai masallaci ne don kada abincin ya lalace, kuma ladan ya koma wa Umma. Sannan ya jawo aljihun tebur ya ciro wata takarda da ta sha ninki, ya miƙa mata.

Ba ta buƙaci a karanta mata ba. Tun tana 'yar shekara goma sha biyu take ɗaukar wa ubanta irin waɗannan takardu a jaka zuwa asibiti. Idonta ya faɗa kan lambar, ta zauna a kujerar da ta ƙi.

Ya yi sauri ya ce ba ciwon ba ne tukuna. Ya ce nas ɗin da ta auna shi, wata Prudence, 'yar Gbagyi, ta yi masa bayani da irin Hausarta, ya kwaikwayi muryarta ko Kauthar za ta yi dariya: "Oga, suga bai shiga ɗaki ba, amma yana tsaye a bakin ƙofa, har ya cire takalmi." Ba ta yi dariyar ba.

Ya ci gaba. An ce masa har yanzu ana iya korar baƙon. Ya rage kilo bakwai ko takwas daga cikin ɗari da huɗun da yake ɗauke da su. Ya bar lemon kwalba da shayi mai suga. Rabin farantinsa ya zama ganye, tuwo ko shinkafa kada su wuce dunƙulen hannunsa, sauran wurin na wake ne ko kifi. Soye-soye sai jefi-jefi. Ya yi tafiyar ƙafa rabin awa kullum. Bayan wata uku a sake aunawa. Ya ce ya riga ya zubar da kilo shida, kullum bayan asuba yana takawa daga Mararaba zuwa gadar Nyanya ya dawo, kuma saura mako huɗu a sake gwajin.

Hawaye suna zuba a kan takardar ta ce, "Ni ce ba za ka faɗa wa ba? Ni da na san warin ɗakin jinya kafin na san warin turare?"

"Saboda haka ne ban faɗa ba."

Ya tuna mata ranar da ya fara zuwa gaishe da Umma. Tambaya biyu kawai ta yi masa: yana sallah a kan lokaci, kuma akwai mai ciwon suga a danginsu? Ya ce babu, kuma gaskiya ya faɗa a lokacin. Ya ce niyyarsa ya lallaɓa har ranar gwaji, in abin ya sauka ya zo da takarda mai kyau ya ba su labari ana dariya.

"Yau take so ka sha ruwa a gidanmu. A gabanta."

Ya juya ya dubi titi. Masu tura baro suna wucewa, wani yana ta kiran a zo a sayi kankana.

"Zan zo, kuma zan ci. Ki rufa min asiri na mako huɗu, Kauthar, don Allah. Ci ɗaya ba zai kashe ni ba."

Ta ɗago jajayen idanu ta dube shi.

"Abin da Baba yake cewa ke nan," ta ce.

Da rana ta yi sanyi Hajiya ta aiko a kira ni, ta ce Baba shigo ka zama shaida. A al'ada suruki ba ya cin abinci a gaban surukarsa, amma ranar Hajiya ta naɗe al'ada ta ajiye a gefe. Ta shimfiɗa babbar tabarma a tsakar gida, ta jera abin da ya isa mutum goma. Ni an ajiye min faten accata a ɗan kwano, don ta san halina.

Tawfiq ya zo da farar shadda da ta yi masa yawa a kafaɗa. Aka kira sallah, muka buɗe baki da dabino da ruwa, muka je masallaci muka dawo. Kauthar tana tsaye a bakin kicin, rabin jikinta a bayan labule.

Hajiya ta zuba kunun gyaɗa a babban kofi, ta ɗebi suga cokali uku da hannunta ta juya. Ta kai bakinta ta kurɓa, sannan ta ajiye a gabansa.

"Ga shi na sha. In da ƙulli a ciki, ni zai fara kamawa."

Ya sunkuyar da kai ya ce wallahi Umma bai taɓa zarginta ba. Ta ce ba rantsuwa ta tambaye shi ba. Ya ɗauki kofin ya shanye har ƙasa. Ta tura masa funkaso, ta kwarara zuma. Ya ci ɗaya, ya ci biyu, ya ci uku. Ina kallon maƙogwaronsa yana hawa yana sauka kamar mai haɗiyar tsakuwa. Amana ta ɗaure min baki, na yi ta juya cokali a kwanona.

Fuskar Hajiya ta fara saki. Ta ce dama ta san sharrin mahassada ne. Ta sake cika kofin, ta ce daga yau har ranar biki a nan zai riƙa cin abincin dare, bayan biki ma kula ba za ta daina zuwa gidansa ba, sai ta mayar masa da naman da ya zubar, kada mutane su ce 'yarta ta auri sanda.

Ya ce, "To, Umma." Ya miƙa hannu ga kofin.

Kauthar ta gaya min daga baya cewa ba ta san lokacin da ta bar bakin labule ba. Wannan "to" ɗin ta sani. Shekara bakwai tana jin ta a tsakar gidan nan, a bakin mutumin da likita ya hana, matarsa ta ce ɗan kaɗan dai don ka ji ƙarfi, shi kuma ya ce to. Sai ganin ta muka yi durƙushe a bakin tabarma, ta ɗora tafin hannunta a kan kofin.

"Kada ka sha."

Hajiya ta ce ke Auta, kanki ɗaya kuwa.

"Umma, ba asiri yake tsoro ba. An auna shi. Suga ce take neman kama shi, ba ta kama ba tukuna. Shi ya sa yake ramewa, da gangan yake yi. Kunyarki ce ta hana shi faɗa."

 Tawfiq ya rufe ido.

Hajiya ta janye hannun 'yarta a hankali, ta ɗauki kofin, ta taka har bakin magudana ta zubar da kunun. Ta dawo ta kwashe funkason daga gabansa ta rufe. Ta tambaye shi tun yaushe, ya faɗa. Ta dube ni ta ce Baba kai ma ka sani. Na ce ni na fara gani.

Ta zauna a kan turmi, ta ce, "Ɗana, ka yafe min zargin da na yi maka. Ba ka raina ni ba, na gani."

Na ga kafaɗun Kauthar sun sauka, har ta fara share hawaye.

"Amma ba zan ba ka ita ba."

Kauthar ta rarrafa ta kama ƙafafunta. Ta ce Umma ki saurara, ba irin na babana ba ne, an gano da wuri, ana iya mayar da shi baya, ya zubar da kilo shida, yana tafiya kullum, saura mako huɗu a sake gwadawa. Ta ce a ɗage bikin in ana so, a jira takarda. Ta ce ita ta ji ta gani, ita za ta riƙa dafa masa abin da ya dace da hannunta.

Hajiya ta bar ta ta gama. Da ta buɗe baki muryarta ba ta da ƙarfi.

"Ubanki ma haka aka ce masa, wai ciwon yana bakin ƙofa. Na wanke gyambo shekara uku, Auta, safe da yamma, har na daina jin ƙamshin girkina. Ranar da suka yanke ƙafar, ni aka miƙo wa ita a naɗe, aka ce Hajiya a ina za a binne. Na binne mijina sau biyu. Kina 'yar makaranta kina riƙe masa robar fitsari. Ni na yi, an gama, Allah ya ba ni lada. Ke ba za ki yi ba ina raye."

"Umma, ina son sa."

"Ni ma ina son ubanki."

A nan ne na ajiye cokali. Tunda magana ta fito, amana ta sauka daga wuyana. Na tuɓe takalmina na miƙe ƙafa a kan tabarma, na ce Lantana dubi nan. Yatsu bakwai suka rage min, amma shekara ashirin da uku ina taka ƙasa, kuma ni sai da ciwon ya shiga ɗaki ya kwanta sannan na sani. Yaron nan tun daga bakin ƙofa ya tare shi. Na ce akwai ranar da aka gwada mu tare ni da Sabo a asibiti ɗaya, nawa ya fi nasa hawa. Abin da ya raba mu, ni na iya cewa a'a, ko uwata ce ta dafa. Shi kuwa bai taɓa iya ture kwanonki ba. Na ce Sabo ba suga ce kaɗai ta kai shi ba, da lomar kunya a ciki.

Na faɗa, kuma ko gobe aka sake zan faɗa. Gaskiya ɗaci gare ta.

Hajiya ta dube ni. Hawayen da ta riƙe tun hantsi suka gangaro, ba ta share ba.

"Ka gama, Baba? Shekara biyar ina faɗa wa kaina wannan maganar duk ranar da na ɗora tukunya. Ban san akwai mai faɗa min ita a gaban 'yata ba."

Kauthar ta kifa kai a cinyarta tana kuka, Hajiya ta dafa kanta.

"To ka ga dalilina da bakinka. Yarinyar nan hannuna ta ɗauko a girki. Shi kuma a gabanka yanzu ya shanye kofi guda, ya miƙa hannu ga na biyu, don kunyata. Mai girki da mai kunya, na san inda suke ƙarewa."

Ta miƙe ta shiga ɗaki ta saki labule. Tawfiq ya zauna ɗan lokaci yana kallon inda kofin yake a da, sannan ya yi min sallama ya fita. Ko sallar isha ba a kira ba.

Washegari da hantsi wasu dattawan mata biyu suka ɗora goro da alewa da buhun gishiri da tabarma a Keke Napep, suka nufi gidan kawun Tawfiq a Mararaba. Kafin azahar Mashkura ta sake dawowa duba alkakinta. Kafin la'asar an ji cewa manyan Alhaji Badaruddeen za su zo gaisuwa kwana uku bayan Sallah.

Kauthar ta yi kwana biyu ba ta fita ba. A rana ta uku ta shirya da sassafe kamar mai zuwa makaranta, ta tsaya a ƙarƙashin gadar Nyanya, inda ma'aikata ke turereniyar shiga motocin cikin gari. Ba ta daɗe ba ta hango shi yana tahowa a gefen titi da takalmin nan mai ƙura, rigarsa ta jiƙe da gumi. Ya gan ta, ya rage sauri, ya tsaya nesa kaɗan kamar baƙo.

Suka gaisa. Ya tambayi jikin Umma. Ta ce Umma ba ta fita tasha ba tun ranar, ko wuta ba ta hura ba. Ya ce ta yafe masa. Ta ce shi zai yafe mata, ita ta tona. Ya ce da ba ta tona ba, da yanzu yana kan kofi na goma.

Ya ce saura mako uku da 'yan kwanaki a sake gwajin, in ya sauka zai aiko mata da takardar ta kai wa Umma.

"Takarda ba za ta juya ta ba, Tawfiq. Ba jininka take tsoro ba. Ta ga ka sha."

Ya gyaɗa kai. Wani kwandasta ya zo yana jan hannun rigarsa, oga Wuse ne ko Garki, ya girgiza masa kai.

Ta gaya masa Umma ta ce ba za ta tilasta mata kowa ba, amma albarkarta ba za ta bi ta gidansa ba, ko bayan ranta. Tana faɗa muryarta tana karyewa, mutane suna ratsa su ta kowane gefe babu mai kula.

Ya goge fuska da tafin hannu. Ya ce uwa ɗaya ce, kuma wadda ta binne miji sau biyu ba a ƙara mata. Ya ce Badaruddeen ba mugun mutum ba ne, zai riƙe ta. Ya ce in sun zo ta fito ta gaishe su, ta amsa, hankalin Umma ya kwanta, shi ya yafe.

"Ki yi min wannan, Kauthar. Ki ce to."

Ta dube shi ta cikin hawaye.

"A'a," ta ce. "Ka ji yadda ake faɗa."

 Ya juya da sauri kada ta ga fuskarsa, ya kama hanyar Mararaba da ƙafa. Ta tsaya tana kallon farar hularsa tana nitsewa tana ɓullowa a cikin jama'a har ta daina ganin ta. Sannan ta jingina da ginshiƙin gada ta yi kukan da ba ta iya yi a gida ba, ga uwa a ɗaki ta ƙi hura wuta, ga baƙi suna tafe bayan Sallah, ga wanda take so ya ba ta baya yana tafiyar neman ransa.

Tun daga ranar Lantana ba ta ƙara ce min Baba ba, sallama kawai take amsawa. 'Yan unguwa suna cewa tsohon nan ne ya ƙarasa kashe auren da bakinsa, wasu kuma suna cewa ƙarya nake yi, wanda suga ta leƙa ɗakinsa ba ya tsira. To, duk mai wannan maganar ya zo gobe bayan asuba ya same ni a gindin gada. Shekarata saba'in da takwas, yatsuna bakwai. Mu taka zuwa Mararaba mu dawo, da azumi a bakinmu. In ya riga ni dawowa, ya kira ni maƙaryaci a gaban jama'ar tasha, zan amsa.